Kwalbar Wankin Nozul da Man da Muke Sha: Nazari kan Sinadaran da Ake Zubawa a Tankin A-kori-kura

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sinadaran da ake sayarwa a kwalba don zubawa a tankin mota, musamman waɗanda ake cewa suna wanke nozul, da yadda suka shafi a-kori-kura. Ta bi yadda datti yake taruwa a injin fetur da na dizal, ta fayyace abin da kowane rukunin sinadari yake iya yi, sannan ta auna wannan da irin man da motocinmu suke sha. Matsayarta ita ce, sinadarin wanki na gaskiya yana aiki, amma cuta ɗaya yake warkarwa, wato dattin da ya daskare a nozul. Ruwa da ƙura da gurɓataccen mai, waɗanda su ne suka fi kashe nozul a wajenmu, sun fi ƙarfin kwalba.

1.0 Gabatarwa



A-kori-kura motar wahala ce. Ita ke kwaso masara da gero daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, ita ke kai injiniya wurin kwangila, ita ke ɗaukar jami'an tsaro sintiri da ma'aikatan rigakafi zuwa inda kwalta ba ta kai ba. A zamanin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, idan mota ta fara tari, bakanike zai kwance kabureta, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya mayar, a ci gaba da tafiya. Yau Hilux da L200 da D-Max da Ranger ne a hanya, kuma babu kabureta a cikinsu. Nozul ne ke fesa mai, kwamfuta ce ke ba shi umarni.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, duk abin da aka ce yana rage shan mai ya samu kasuwa. Kwalabe masu kalar ja da baƙi sun cika shaguna a Ƙofar Ruwa da Panteka da kantunan gidajen mai, kowace da alkawarinta: ƙarin ƙarfi, rage hayaƙi, rage shan mai. Tambayar da ta dace da masana ba ita ce ko suna aiki ko ba sa aiki ba. Tambayar ita ce, wane aiki suke yi, a wane inji, da wane irin mai.

2.0 Nozul da abin da ke damunsa

Injin fetur na Hilux da ya fi yawa a ƙasar nan, 2TR-FE mai lita 2.7, yana fesa mai ne a bayan bawul ɗin shigar iska, da matsin da bai wuce bar 3 zuwa 4 ba. Dattinsa yana taruwa ne bayan an kashe mota, ba lokacin da take gudu ba. Idan aka kashe inji da zafinsa, ruwan sanyaya shi ya daina zagayawa, ɗigon fetur da ya rage a bakin nozul sai ya dahu. Ɓangarensa mai sauƙi ya tashi, mai nauyin ya zauna ya zama ƙaro. Shi ya sa motar ofis da ke yawon cikin gari, a tayar a kashe sau goma a yini, ta fi motar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maiduguri saurin toshewa. Alamunsa sanannu ne: jijjiga a silo, nauyin tashi idan an taka totur, da ƙarin shan mai.

Akwai injin fetur na biyu, wanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda. A irin wannan, fetur ba ya taɓa bayan bawul ko kaɗan, saboda haka tururin baƙin mai yana daskarewa a wurin babu mai wanke shi. Duk abin da aka zuba a tanki hanyar fetur yake bi, ke nan shi ma ba zai isa can ba. Injin EcoBoost mai lita 3.5 da Ford ya sa wa F-150 a 2011 irin wannan ne, kuma da kamfanin ya sabunta shi a 2017 sai ya ƙara masa jerin nozul na biyu a bayan bawul. Mai motar da ke da injin na farko, wadda aka shigo da ita daga Amurka, idan aka sayar masa da kwalba don wanke bawul, kuɗinsa kawai aka ci.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne dizal. Tsarin da ake tara mai a bututu ɗaya mai tsananin matsi a rarraba wa dukkan nozul ya fara fita kasuwa ne a 1995, lokacin da Denso ya sa shi a babbar motar Hino, sannan Bosch ya biyo baya a 1997 da ƙaramar mota Alfa Romeo 156. Shi ne a injinan Hilux na 1KD da 2KD, da na GD da suka gaje su daga 2015. Matsin mai a irin wannan tsari yana kaiwa bar 1,600 har sama da 2,000, alhali iskar tayar motar ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. Ƙofofin da mai ke fita ta cikinsu faɗinsu tsakanin milimita 0.1 ne da 0.2, ratar da ke tsakanin allurar nozul da gidanta kuwa maikiron ƙalilan ce. Kaurin gashin kan mutum kusan maikiron 70 ne.

Datti iri biyu ne ke kama wannan nozul. Na farko gawayi ne da ke toshe ƙofofin daga waje, ya lalata yadda mai ke bazuwa, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙaru. Abin lura a nan shi ne rawar da zinki ke takawa, wato ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. A gwajin da Turai ta amince da shi, wanda ake yi da injin Peugeot DW10, kashi 1 cikin miliyan kacal na zinki ake sa wa dizal da gangan don a gaggauta toshewar nozul. Dizal yana narkar da zinki a hankali, don haka duk wanda ke ajiye mai a tanki ko bokitin da aka shafa wa zinki, gwajin nan yake yi wa motarsa bai sani ba. Na biyu datti ne mai danƙo da ke taruwa a cikin nozul ɗin, ya riƙe allura ta kasa motsi da saurin da ake bukata. Ɗaya daga cikin sanannun dalilansa shi ne haɗuwar gishirin sodiyam da wasu sinadaran hana tsatsa da ake sa wa mai a bututu.

Sai kuma abu na uku, wanda ba datti ba ne, amma direba ba ya iya bambanta shi da datti: cinyewar ƙarfe. Ƙura da ta tsallake filta, a ƙarƙashin irin wancan matsi, gurzar ƙarfe take yi. Ruwa kuma yana kawo tsatsa, yana yanke santsin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Idan mazaunin ƙaramin bawul ɗin da ke cikin nozul ya cinye, mai yana sulalewa ya koma tanki, matsi ya kasa taruwa, mota ta riƙa wuyar tashi musamman idan ta yi zafi. Gwajin wannan ba shi da wuya. Bakanike ya cire siraran tiyo na komawar mai daga nozul huɗun, ya jona kowane da kwalba mai awo, a tayar da inji a bar shi a silo. Idan ka tsaya kana kallo za ka ga uku suna hawa tare a hankali, ɗaya kuma ta yi musu fintinkau, tana neman cika kafin su kai rabi. Wannan nozul ɗin ya gama yayi. Babu sinadarin da ke mayar da ƙarfen da ya tafi.

3.0 Abin da ke cikin kwalbar

Sinadarin wanki na gaskiya yana aiki ne kamar sabulu: kansa ɗaya yana kama datti, jelarsa tana narkewa cikin mai, sai ya ɗauke dattin kaɗan-kaɗan ya ƙone tare da man. A fetur, biyu ne suka shahara. Wanda ake rubutawa PEA a jikin kwalba, wanda kamfanin Chevron ya yi suna da shi a Techron, yana jure zafi, don haka wankinsa yana kaiwa har cikin ɗakin ƙonewa. PIBA yana wanke nozul da bawul, amma ba ya yi wa ɗakin ƙonewa komai, wani lokaci ma ƙara masa datti yake yi. Kwalabe masu araha da yawa kuwa mafi yawan abin da ke cikinsu kalanzir ne ko dangoginsa ko barasar masana'antu, da ɗan abin wanki kaɗan. Hanyar ganewa ita ce takardar bayanin sinadarai da kamfanonin kirki ke wallafawa a intanet, domin rubutun gaban kwalba talla ne.

Akwai kuma maganar awo, wadda ake yawan mantawa. Tankin Hilux yana cin kusan lita 80. Kwalbar da aka auna don tankin ƙaramar mota mai lita 50, idan aka juye ta a cikakken tankin a-kori-kura, ƙarfinta ya ragu sosai. Masana'antar ta bambanta awo biyu: ƙarami na hana datti taruwa, da babba na cire wanda ya riga ya taru. Wanda ya sayi na biyu ya tsarma shi, na farko ya samu.

Sauran abubuwan da ake haɗawa da sunan gyaran mai kowane da aikinsa daban. Mai ɗaga siten, yawanci sinadarin 2-EHN, yana sa dizal ya kama wuta da wuri, ya rage ƙwanƙwasar inji da farin hayaƙin safe. Ƙa'idar Turai ta EN 590 tana neman siten 51 zuwa sama, ta Amurka 40. Mai ɗaga okten a fetur shi ne nake ganin ya fi cancantar a yi hattara da shi. Da yawansu suna ɗauke da manganis, wanda ke barin jan toka a kan fulogi, ya kashe sansar iskar oksijin, ya toshe matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi. Kundin ƙa'idojin mai da ƙungiyoyin masu ƙera motoci na duniya suka fara fitarwa a 1998 bai yarda da sinadarai masu ƙarfe a cikin mai ba. Injin 2TR-FE ma ba ya bukatar okten mai yawa tun farko.

Mai cire ruwa ya kasu biyu, kuma rashin sanin bambancinsu yana da tsada. Wani yana ɗauke da barasa, yana haɗe ruwa da mai su tafi tare. A fetur, idan ruwan ɗan kaɗan ne, wannan ba laifi. A dizal na zamani kuwa ɓarna ce, domin ya ɗauki ruwan da matattarar ruwa za ta tare ya tsallakar da shi zuwa famfo da nozul. Abin da dizal ke so shi ne mai raba ruwa da mai, ruwan ya kwanta a ƙasa a tsiyaye shi. Mai hana dizal daskarewa kuwa don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. Ko sanyin Jos bai kai a neme shi ba, yana kan kantarmu ne kawai saboda kwantena ta zo da shi.

Game da alkawarin rage shan mai, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta duba fiye da kayayyaki 100 da ake tallatawa da wannan suna, ba ta samu wanda ya kawo canji na a-zo-a-gani ba. Abin da mai wanki na gaskiya zai iya shi ne ya mayar da motar da nozul ɗinta ya toshe kusa da yadda take a da. Motar da nozul ɗinta ke da tsabta ba ta da abin da za a mayar mata.

4.0 Darasi daga inda kwalbar ta fito

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da motocin Amurka suka koma nozul daga kabureta, toshewa ta zama ruwan dare. Gyaran dokar tsabtar iska na 1990 ya wajabta sa sinadarin wanki a duk fetur ɗin da ake sayarwa a ƙasar, aka fara aiki da shi a 1995. Da masu ƙera motoci suka ga mafi ƙarancin awon da doka ta gindaya bai wadatar ba, sai BMW da General Motors da Honda da Toyota suka kafa tsarin Top Tier a 2004, mai neman awo mafi girma. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada, ta samu cewa fetur ɗin da ba ya cikin tsarin ya bar datti ninki 19 na wanda ke ciki bayan tafiyar da ta yi daidai da mil 4,000. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa sinadarin yana aiki. Amma a lura da inda aka zuba shi: a defo, cikin kowace lita, kullum.

A ɓangaren dizal, Amurka ta sauko da salfa, wato farar wuta, zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006. Tacewar da ke cire salfa tana tafiya da wasu sinadaran da ke ba dizal santsi, kuma famfon dizal da man da yake turawa yake samun santsinsa. Ana auna wannan da girman tabon da ƙwallon ƙarfe ke samu idan an goga shi cikin man: Turai ta tsaya a maikiron 460, Amurka ta yarda har 520. Famfon Bosch CP4 da aka sa wa manyan a-kori-kura na Ford da General Motors daga 2011, da na Ram a 2019 da 2020, ya yi ƙaurin suna wajen niƙe kansa ya watsa garin ƙarfe cikin dukkan hanyar mai. Masu motoci sun rungumi kwalaben ƙara santsi, amma da Ram ya kira motoci sama da 200,000 a 2021, famfon ya canza, bai raba kwalba ba.

5.0 Man da muke sha

A watan Satumba na 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoto kan yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa dizal mai yawan salfa musamman don Afirka. A lokacin ƙa'idar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, Turai tana kan 10. A Disamban shekarar, a Abuja, Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince su sauko zuwa 50, ECOWAS ta ɗauki wannan awo a 2020, matatar Dangote kuma ta fara fitar da dizal a 2024. Abu biyu ne suka shafi batunmu a nan. Salfa mai yawa tana zama asid ta lalata baƙin mai, kuma babu kwalbar da ke cire ta, maganinta juyen baƙin mai da wuri. Sannan yayin da salfarmu ke raguwa, matsalar santsi da Amurka ta gani za ta zama tamu, sai dai idan an sa sinadarin santsi tun daga matata ko defo.

Duk da haka, babbar matsalar a-kori-kura tana faruwa ne bayan mai ya bar defo. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, ya lalata motoci, ya jawo dogayen layuka. Wannan ya yi ƙara ne saboda girmansa. Wanda ba ya ƙara shi ne na kullum: dizal da aka tsarma da kalanzir, wanda ke rage masa kauri da santsi, da wanda aka dafa a durom a dazukan Neja Delta, da ruwan damina da ke shiga tankin ƙasa na gidan mai. A-kori-kura ta fi kowace mota faɗawa wannan hali saboda aikinta yana nesa da gidajen mai na kirki. Daga durom a wurin kwangila take sha, ko daga jarkar ɗan bumburutu, ta mazurarin da ya kwana a waje cikin ƙurar hunturu.

Masu ƙera motar sun san da wannan, shi ya sa suka sa matattarar ruwa a ƙasan filtar dizal, da fitilar gargaɗi a gaban direba. Idan ta kama, a buɗe bonet, a sassauta murfin da ke ƙasan filta, a riƙa danna famfon hannu da ke samanta, a tara abin da ke fita a kwalbar gilashi. Bayan minti kaɗan za ka ga ya rabu: dizal a sama, ruwa mai launin tsatsa a ƙasa, wani lokaci da baƙin yauƙi a tsakani. Yauƙin nan ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa da dizal suka haɗu. Aikin minti biyar ne, ba a kashe ko kwabo. Amma sau da yawa direba zai yi makonni da fitilar a kunne, ko mai wayarin ya cire wayar sansar don ta daina damun oga, sannan a je a sayi kwalba. Haka nan filta: wadda ta dace da wannan tsari tana tare abin da ya kai maikiron 2 zuwa 5, jabu kuwa kwalinta kawai ke kama da ta gaske.

Dabarun gareji ma sun cancanci a ambace su. Wasu na zuba man giya na atomatik a tanki, wasu man babur mai hayaƙi, wasu ɗan fetur cikin dizal, wasu kuma ƙwayoyin kafur a tankin fetur. Tsofaffin injina irin 3L da 5L sun jure wasu daga cikin waɗannan, daga nan aka gaji al'adar. Man giya ba don ƙonewa aka yi shi ba, toka yake bari a bakin nozul. Fetur cikin dizal yana kashe santsin da famfo ke rayuwa da shi. Kafur ɗin kasuwa kuma sau da yawa mai sinadarin kulorin ne, idan ya ƙone asid yake zama.

6.0 Gurbin kwalba, da aikin da ke gaban hukuma

Kwalbar tana da gurbinta. Hilux mai fetur da ke aikin cikin gari, ta fara jijjiga a silo, an duba fulogi da filtar iska lafiya, ta dace da mai PEA, a awon da ya yi daidai da tankinta. Ya fi kyau a zuba gab da doguwar tafiya, kuma kafin juyen baƙin mai, domin kaɗan daga sinadarin yana gangarawa cikinsa. Idan tanki ɗaya ko biyu suka ƙare babu canji, a daina saye, a cire nozul a kai teburin gwaji. A dizal, mai wanki da ƙara santsi wanda babu barasa a cikinsa yana da amfani ga motar da ke shan man da ba a san asalinsa ba, muddin filta ta gaske ce kuma ana tsiyaye ruwa. Mai kashe ƙwayoyin tanki sai an ga yauƙin nan, kuma bayansa dole a wanke tanki a canza filta, domin gawarwakinsu ma toshewa suke yi. Idan aka kai ga sayen sabon nozul na Denso, a tabbata an shigar da lambar da ke kansa cikin kwamfutar motar, in ba haka ba za a ci gaba da zargin datti a kan abin da ba shi ba.

Ga hukumomi, shawarata ita ce NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ta wajabta sa sinadarin wanki da na santsi a defo, inda kuɗinsa a kowace lita ƙanƙane ne idan aka kwatanta da na kwalba. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma ta tilasta wa masu shigo da kwalaben su rubuta sunan sinadarin da ke aiki, da yawansa, da litar da aka auna shi dominta, su kuma bayyana idan akwai manganis ko barasa a ciki.

Ga sassan injiniya na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, ga aiki biyu da ɗalibin digiri na biyu zai iya ɗauka. Na farko, a bi hanya ɗaya, misali Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi, a ɗebi samfurin mai daga gidajen mai da durom da jarka, da damina da kuma rani, a auna ruwa da ƙura da salfa da zinki da santsi. Na biyu, a tattara nozul ɗin da kanikawan Ƙofar Ruwa suka cire suka jefar, a yanka su a duba da madubin ƙara girma, a ware waɗanda datti ya toshe daga waɗanda ƙura ta gurje da waɗanda tsatsa ta ci, kowane a rubuta irin motar da ya fito da aikin da take yi.